Murfi, leda, mai ko ruwan gefe: wace hanya za ka bi don kada farantin gwaji ya ƙafe?

Duk wanda ya daɗe yana aiki da faranti mai gurabe 96 ya san yadda abin ke fitowa. Gurabe na tsakiya sun jitu da juna, amma layin A da layin H, wato na sama da na ƙasa, da layin tsaye na 1 da na 12, kowa ya kama gabansa, kusurwoyi huɗu kuma sun fi kowa bauɗewa. Da farko fifet, abin ɗiban ruwa daidai ma'auni, ake zargi, daga nan a koma kan sinadari, wani lokaci har a ɗora wa ɗalibi laifi. Sau da yawa ruwa ne kawai ya bi iska. Wannan rubutu na wanda ya riga ya gano haka ne, yana riƙe da kasafin kuɗi kaɗan, yana tunanin ko ya sayi ledar liƙi, ko ya sadaukar da gurabe na gefe, ko ya nemi izinin sayen injin liƙi, ko ya koma ga ɗigon mai irin na mutanen da.

Lissafin ba shi da wuya. Idan gurbi yana ɗauke da 200 µL (maikurolita, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita) ya rasa 2 µL, asarar kashi 1 cikin ɗari ce, ba wanda zai lura. Idan 10 µL ne a ciki, kamar a qPCR, gwajin da ke ninka DNA yana auna yawanta, wannan 2 µL ɗin kashi 20 ne, kuma gishiri da magani da duk abin da ke narke a ciki sun ƙara kauri da kashi 25. Abin da ke jan ruwan kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin tururin da iska za ta iya ɗauka da wanda take ɗauke da shi. A 37°C iska na iya ɗaukar tururi mai matsin kusan 6.3 kPa (kilopaskal, ma'aunin matsi). A inkubeta, akwatin da ke riƙe zafi daidai, mai laima kashi 95, saura 0.3 kPa kawai ta ƙoshi. Amma ka ɗauki iskar ɗaki ta watan Janairu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, a ce 25°C da laima kashi 20, ka ɗumama ta a busasshiyar inkubeta zuwa 37°C: tazarar ta haura 5.6 kPa, wato kusan ninki 18. A kan benci ma, ƙishirwar iskar hunturu ta ninka ta watan Agusta fiye da sau uku. Kamar shanya ne, rigar da ke kwana ba ta bushe ba da damina, da hunturu kafin ka gama wanke ta biyu ta farko ta bushe. Shi ya sa tsarin aikin da ya yi maka kyau a Agusta yake ba ka kunya a Janairu, ita kuma takardar umarnin da ta zo cikin kwalin sinadari ba da yanayinmu aka auna ta ba. Esi ma ƙara busar da ɗaki yake yi.

Tambayoyin da za ka amsa kafin ka zaɓa

Ta farko, wadda ta fi sauran nauyi: abin da ke cikin gurbin yana numfashi? Ƙwayoyin halittar mutum ko na dabba da ake reno suna buƙatar iskar oksijin, ruwan abincinsu kuma yana dogara da CO2 kashi 5 don tsaminsa ya tsaya wajen pH 7.4. Irin waɗannan ba a toshe su ruf. ELISA, gwajin gano furotin ko garkuwar jiki a samfur, da PCR, gwajin ninka DNA, ba ruwansu da numfashi, toshewa ce ma lafiyarsu. Amsar wannan tambaya kaɗai tana zubar da rabin zaɓuɓɓukan.

Sai zafi da tsawon lokaci da yawan ruwa, waɗanda tare suke tafiya. Awa ɗaya a 37°C da 100 µL wani abu ne, kwana 7 a wannan zafin wani abu ne dabam, zagaye 40 na PCR da ke kaiwa 95°C da 10 µL kuma ba a ma haɗa shi da su, don a 95°C matsin tururi ya haura 80 kPa, kuma duk ƙofar da ya samu sai ya bi.

Sai yadda za a karanta sakamako. In haske zai ratsa ta sama, dole abin rufewar ya zama garau, ko a cire shi kafin karatu. Sai kuma sau nawa za ka buɗe farantin a tsakiyar aiki.

Kuɗi kuma kada ka lissafa shi a kan abin rufewa kaɗai. Ka lissafa shi a kan kowane samfur da ya fito da sakamako mai amfani. Hanyar da ake kira kyauta wani lokaci ita ce mafi tsada, za mu gani nan gaba. Ƙarko a wurinmu yana nufin abu biyu: yadda rufin ke jure aikin, da yadda kayan ke jure zama a sito mai zafin bazara har wata shida kafin oda ta gaba ta iso. Na ƙarshe shi ne haɗari, wato abin da hanyar kanta za ta iya ɓatawa.

Murfin da ya zo da farantin

Kyauta ne, ba abin da ya fi shi sauƙi, kuma an ƙera shi ne da gangan ya bar 'yar kafa don iska ta shiga. Ta wannan kafar ce tururi ke fita, gurabe na gefe kuma su ne a bakin ƙofa. Wasu murafun suna da zobba a ciki da ke hana raɓar wani gurbi gangarawa zuwa maƙwabcinsa, wasu kuma bakinsu ya fi sauka ƙasa don rage ƙafewa. Duk suna taimakawa, amma ba su kashe matsalar. Murfi shi kaɗai ya isa ga aikin minti 15 zuwa 30 a zafin ɗaki da ruwa mai yawa. Bayan haka sai an haɗa shi da wani abu.

Cika gurabe na gefe da ruwa

Wannan ita ce hanyar da kusan kowa ke farawa da ita, kuma tana aiki. Ana zuba 200 µL na tataccen ruwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, ko PBS, ruwan gishiri na ɗakin gwaji, a gurabe 36 na kewaye, a yi gwaji a 60 na tsakiya. Na gefen su ke shan ƙishirwar iska, su cika sararin ƙarƙashin murfi da laima, na ciki su huta. Ba ta hana numfashi, ba ta taɓa samfur, ba ta buƙatar a sayi komai. Masu gwajin maganin tarin fuka a faranti da sinadarin resazurin, inda faranti ke yin mako guda a 37°C, tun asali haka tsarinsu yake: ruwa a kewaye, murfi a sama, sannan a saka farantin a jakar leda. Masu auna ƙarfin maganin zazzaɓin cizon sauro a kan ƙwayar cutar, Plasmodium falciparum, na awa 72 su ma da yawa haka suke yi.

Tsadarta a ɓoye take. Gurabe 36 cikin 96 kashi 37.5 ne na farantin. In faranti fanko ne mai arha kuma ƙwayoyin halittar naka ne, ba komai. Amma ka ɗauki kwalin ELISA da aka riga aka shafe gurabensa: ma'aunai 8 sau bibbiyu sun ci gurabe 16, saura 80, wato samfur 40. Ka bar gefe, 60 ban da 16 saura 44, samfur 22. Kuɗin kowane samfur ya kusa ninkawa, a kan abin da leda guda za ta magance. A faranti mai gurabe 384 asarar ta fi sauƙi, 76 ne a kewaye, kusan kashi 20, sai dai a dogon gwaji layi na biyu ma yakan taɓu, in ka bar layi biyu kuma 240 ne za su rage maka.

Akwai faranti masu kwalbati a kewaye, irin Nunc Edge, inda ake zuba ruwan a kwalbatin a yi amfani da gurabe 96 gaba ɗaya. Sun fi faranti na yau da kullum tsada, ba kowane dillali ke kawo su ba, kuma ruwan kwalbatin yana iya fantsama in aka ɗauki farantin da garaje. Ga wanda sinadarinsa ya fi faranti tsada nesa ba kusa ba, sun cancanci kuɗinsu.

Abu ɗaya da ya kamata a rarrabe a nan: ba kowace matsalar gefe ce ƙafewa ba. In ka shuka ƙwayoyin halitta ka jefa farantin kai tsaye cikin inkubeta, gefe yana rigan tsakiya ɗaukar zafi, ruwan ya riƙa juyawa, ƙwayoyin su kwanta a karkace. Binciken da Lundholt da abokan aiki suka wallafa a 2003 ya nuna barin farantin awa ɗaya a zafin ɗaki bayan shuka yana rage wannan sosai. Ba leda ko mai da zai gyara irin wannan.

Jiƙa iskar: akwatin danshi, jakar leda da tiren inkubeta

Maimakon ka rufe gurbi, sai ka ƙosar da iskar da ke kewaye da shi. Robar abinci mai murfi, jiƙaƙƙen tishu a ƙasa, 'yan sanduna ko tsofaffin fifet a ɗora farantin a kai don kada gindinsa ya jiƙe, shi ke nan. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, tana kuma yin shekaru. Jakar leda mai zif da ɗan jiƙaƙƙen tishu a kusurwa ita ma haka. Ƙa'idar CLSI, cibiyar da ke tsara ƙa'idojin ɗakunan gwaji, ta gwajin MIC, wato neman mafi ƙarancin adadin magani da ke hana bakteriya tsiro, inda gurbi ke ɗaukar 100 µL na awa 16 zuwa 20 a 35°C, ta amince da jakar leda ko tef ko matsattsen murfi, ta kuma ce kada a jera faranti fiye da huɗu a kan juna don zafi ya ratsa su daidai.

Sharaɗin shi ne ka saka akwatin a inkubeta tun kafin farantin, ya ɗumama. In ka saka akwati mai sanyi, faranti zai ɗauki lokaci kafin ya kai 37°C, ka magance ƙafewa ka jawo wata matsalar. Haɗarinta fumfuna ce. A canja tishu kowane aiki, a goge akwatin da barasar gwaji kashi 70. Wanda yake son laima tsayayya ba tare da raɓa ta yi yawa ba zai iya saka ƙaramin kofi na ruwan da aka cika da gishirin girki har ya daina narkewa, yana tsayar da laima wajen kashi 75. Da potassium sulfate kuwa tana kaiwa wajen kashi 97.

A inkubetar CO2, tiren ruwan ƙasa shi ne akwatin danshin. Da hunturu yana ƙafewa da sauri fiye da yadda jadawalin dubawa ya tanada, sai a duba shi da ido. Tataccen ruwa mai tsabta ake zubawa, ba fiya-wata ba. Kuma duk lokacin da aka buɗe ƙofa, zafi da CO2 suna rigan laima dawowa. Inkubetar da ɗalibai goma ke buɗewa tun safe har magariba ba ta zama a kashi 95 ɗin da aka rubuta a takardarta.

Leda mai gam

A nan ne kasuwa ta fi cika, a nan ne kuma aka fi sayen abin da ba shi ba. Aƙalla iri huɗu ne, kuma ba a musanya su.

Akwai ledar ELISA mai arha, mai danƙo a taɓa. Tana riƙewa a 4°C da 37°C, tana ɓarewa cikin sauƙi, yawancin kwalayen ELISA ma da 'yan ƙwaya suke zuwa. Ba a kai ta injin PCR. Kuskuren da aka fi yi da ita shi ne maimaita guda ɗaya a duk matakan gwaji don tattali. Ɗigon da ya manne a ƙasanta daga gurbi mai ƙarfi zai sauka a wani gurbi a mataki na gaba, ka samu sakamakon ƙarya wanda ya fi ledar tsada ninki ɗari.

Akwai ta qPCR, garau kamar gilashi, irin MicroAmp ta Applied Biosystems ko Microseal ta Bio-Rad. Wasu daga cikinsu ba su da danƙo a taɓa, sai an danna gam ɗin yake kamawa, kuma nan ne mutane ke faɗuwa. Sai ka bi da abin gogewa da ƙarfi, a kwance da tsaye, ka bi tsakanin gurabe, ka zagaye bakin farantin sau biyu. Gurabe na kusurwoyi, A1, A12, H1 da H12, ne ke tona asirin wanda ya yi ha'inci wajen dannawa. Alamar ƙafewa a sakamako ita ce lanƙwasar jadawali mai hawa ba tsari a gurabe na gefe, ko hasken ROX, rinin kwatance da ke cikin sinadarin, yana ƙaruwa a hankali maimakon ya tsaya cak. Ba a rubutu a kanta, ba a taɓa samanta da safar hannu mai hoda. Ita ce mafi tsada a cikin ledoji, amma kuɗinta ɗan ƙaramin kaso ne na sinadarin da ke ƙarƙashinta. Tana aiki tare da murfin inji mai zafi, wanda akan saita a 105°C, yana danne ta yana hana tururi taruwa a sama.

Akwai ta alminiyam, wadda tururi ba ya ratsawa, haske ma haka, ana iya huda ta da bakin fifet, tana kuma jure firiza ta -80°C. Ita ce ta ajiya da ta sinadaran da ba sa son haske. Ba a karatu ta cikinta.

Sai mai numfashi, irin Breathe-Easy ko AeraSeal, don ƙwayoyin halitta da bakteriya. A fahimce ta da kyau: ƙofar da oksijin ke shiga, tururi ma yana fita ta nan. Amfaninta shi ne kowane gurbi yana rasa ruwa kusan daidai da ɗan'uwansa, bambancin gefe da tsakiya ya ragu. A busasshiyar inkubeta da hunturu, in aka bar ta ita kaɗai ba murfi ba danshi, tana iya barin ruwa ya tafi fiye da murfin roba.

Ƙarkon ledoji duka yana ga gam. Zafin sito yana lalata shi, wani ya narke ya bar saura a bakin gurbi, wani ya bushe ya daina kamawa. A ajiye su a ɗaki mai sanyi, kada a sayi na shekara biyu lokaci guda. DMSO, ruwan da ake narkar da magunguna a ciki, da sauran masu narkarwa suna cin wasu gam, su jawo shi cikin samfur. Ga kuma wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Ɗalibai da yawa a jami'o'inmu suna gwada man tsirrai masu ƙamshi, irin man kanumfari, a kan bakteriya. Waɗannan suna tashi su bi ta ƙarƙashin murfi su shiga gurbin maƙwabci, har su hana tsiro a gurbin da ba a saka masa komai ba. Ruwan gefe ba ya hana wannan, akwatin danshi ma haka. Leda ce kawai ke raba kowane gurbi da ɗan'uwansa.

Liƙi da zafi

Inji ne ke ɗora leda ko alminiyam ya narkar da ita a bakin gurabe, a zafin da ke tsakanin 160 da 180°C na 'yan daƙiƙu. Ba gam, ba bambancin hannun wane da wane, kuma babu rufin da ya kai shi riƙewa, ko a PCR, ko a firiza, ko a doguwar tafiyar mota. Ledarsa ta fi mai gam arha. Injin ne ke cin dubban daloli, irin ALPS ko PlateLoc ko PX1, wasu ma suna buƙatar iskar kwamfureso. Yana son tsayayyar wuta, yana son faranti mai ɗagaggen baki wanda ya dace da ledar, in kuma ya lalace sai an jira kayan gyara daga waje. A ganina ɗakin gwajin da ke yin faranti biyu ko uku a mako ba shi da hujjar sayensa. Wanda ke yin gommai a rana, kamar yadda cibiyoyin gwaji suka yi lokacin korona a 2020, ko mai ajiyar dubban samfura na shekaru, shi ne zai ci ribarsa.

Tabarmar silikon da jerin murafu

Tabarmar tana da 'yan ƙusoshi da ke shiga kowane gurbi. Ana wanke ta, ana dafa ta a otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, ana maimaitawa, don haka kuɗin farko ne kawai. Ta dace da faranti masu zurfi da ajiyar firji. Sai dai silikon yana barin tururi ya ratsa a hankali, kuma maimaita ta a PCR ganganci ne, don ragowar DNA ba ta jin wanki. Jerin murafu takwas-takwas kuwa su ne maganin wanda ke gudanar da samfur 16 ko 24 kawai, ba sai ya ɓata leda guda a kan rubu'in faranti ba. Suna gajiyar da babban yatsa, kuma murfi ɗaya da bai zauna ba ya isa ya busar da bututunsa.

Mai

Kafin injinan PCR su samu murfi mai zafi a farkon shekarun 1990, kowa ɗigon farin man farafin yake ɗorawa a kan samfur. Ya fi ruwa rashin nauyi, wajen 0.84 g/mL, sai ya kwanta a sama ya rufe fuskar ruwan gaba ɗaya. Masu renon ƙwan haihuwa har yau a ƙarƙashinsa suke ajiye ɗigo na 'yan maikurolita, dabarar da Ralph Brinster ya kawo a 1963, saboda iskar numfashi tana ratsa shi amma ruwa da ƙyar. A cikin hanyoyin nan duka shi ne ke rufe ruwan kansa, ba bakin gurbi ba, don haka ko raɓa ba ta taruwa a sama.

Kwalba guda tana yin shekara, arha ne ƙwarai. Inda na fi ganin amfaninsa a wurinmu shi ne gwajin LAMP, wata hanyar ninka DNA a tsayayyen zafi, da ake yi a 60 zuwa 65°C cikin tukunyar ruwan zafi ko dutsen ɗumama marar murfi mai zafi, musamman a aikin karkara. Amma mai yana da hali. Yana bin bakin fifet, yana ɓata lodin jel ɗin da ake duba DNA a ciki, wanke shi daga faranti wahala ne. Mafi muni, duk maganin da ke narkewa a kitse zai bar ruwa ya koma cikin man, irin su lumefantrine, maganin zazzaɓin cizon sauro, da sinadaran homon da yawancin abin da aka tatso daga tsirrai da hexane. Ka auna ƙarfin irin wannan magani a ƙarƙashin mai, lambar da za ka samu ba ta maganin ba ce. Man da ya sha rana da zafi kuma yana lalacewa ya zama guba ga ƙwayoyin halitta. Dole ya zama mai darajar ɗakin gwaji, ba man jarirai na kanti mai turare ba. Man silikon shi ma dabam ne, yana barin ruwa ya ratsa.

Parafilm

Wani naɗin leda ne mai miƙewa. A naɗa shi a bakin murfi, ya rage kafar da tururi ke bi. Yana da amfani a 4°C da 37°C a matsayin ƙari. Da zafi ya haura 50°C yana saki, kuma nadin da ya sha bazara a sito yakan manne da takardarsa. Shimfiɗa shi kai tsaye a kan gurabe a maimakon leda ba ya riƙewa.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Numfashi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Murfi kaɗai | Kyauta | Gajeren aiki | Sosai | E | Gefe ya ƙafe |
| Ruwan gefe | Asarar gurabe 36 | Kwanaki | Sosai | E | Tsadar kowane samfur |
| Akwatin danshi | Kaɗan | Shekaru | Sosai | In ba a toshe ba | Fumfuna, jinkirin zafi |
| Ledar ELISA | Kaɗan | Sau ɗaya | Da sauƙi | A'a | Maimaitawa |
| Ledar qPCR | Matsakaici | Sau ɗaya | Sai da ƙwarewa | A'a | Rashin dannawa |
| Alminiyam | Matsakaici | Doguwar ajiya | Da sauƙi | A'a | Ba a gani ta ciki |
| Mai numfashi | Matsakaici | Kwanaki | Da sauƙi | E | Tururi na ratsawa |
| Liƙi da zafi | Inji mai tsada | Mafi ƙarko | Da sauƙi | A'a | Wuta da gyara |
| Tabarmar silikon | Kuɗin farko kawai | Ana maimaitawa | Matsakaici | Kaɗan | Gurɓata samfur |
| Man farafin | Kaɗan ƙwarai | Kwanaki | Da ɓata hannu | E | Shanye magani |

Ka auna kafin ka kashe kuɗi

Maikurolita ɗaya na ruwa miligiram ɗaya ne, don haka sikeli mai karanta 0.001 g ya ishe ka. Ka cika gurabe 96 da 100 µL, ruwan ya zama 9.6 g. Ka auna, ka rufe da hanyar da kake son gwadawa, ka saka a inkubetarka na tsawon lokacin gwajinka, ka sake aunawa. Ragin 0.48 g asarar kashi 5 ce. Don ganin bambancin gefe da tsakiya, ka zuƙe gurabe 36 na kewaye cikin bututu ɗaya, wasu 36 na ciki cikin wani, ka auna kowanne. Ka yi wannan sau ɗaya da damina, sau ɗaya da hunturu.

Kada ka yi gwajin da rini a na'urar karanta faranti, kamar yadda wasu ke ba da shawara. Hasken yana ratsawa ne daga sama zuwa ƙasa. Idan ruwa ya ƙafe, rinin ya ƙara kauri amma zurfin ya ragu daidai gwargwado, sai lambar ta fito kusan yadda take. Faranti zai rasa kashi 20 na ruwansa na'ura ta ce maka lafiya lau. Sikelin shi ma yana da makanta guda: ruwan da ya taru a ƙarƙashin leda ko murfi yana nan a nauyi, amma ya bar samfur. Wannan ya fi faruwa in wuta ta ɗauke cikin dare, inkubeta ta huce, janareta ya sake ɗumama ta. Farantin da aka liƙe, a juya shi a santirifuj, injin juyi mai sauri da ke mayar da ruwa ƙasa, na ɗan lokaci kafin a ɓare.

Wace ta dace da wa

Mai ELISA ya sayi leda mai arha da yawa, sabuwa a kowane mataki, ya yi amfani da gurabensa 96. In inkubetarsa busasshiya ce kuma hunturu ne, ya ƙara da akwatin danshi da aka riga aka ɗumama.

Mai qPCR ba shi da zaɓi mai yawa: ledar gani ta ainihi da dannawa ta gaskiya, ko jerin murafu masu garau in samfur kaɗan ne. In ba dole ba kada ya sauka ƙasa da 10 µL da hunturu, kuma ya rufe farantin da zarar ya gama lodi, don ƙafewar kan benci kafin a rufe tana iya fin ta cikin inji.

Mai MIC na kwana ɗaya, murfi da jakar leda sun ishe shi, sai in abin da yake gwadawa mai tashi ne, nan sai leda. Mai gwajin kwana 3 zuwa 7, na ƙwayoyin halitta ko zazzaɓin cizon sauro ko tarin fuka, ya haɗa biyu: ruwan gefe da jiƙaƙƙiyar iska. In sinadarinsa ya yi tsadar da ba zai iya barin gurabe 36 ba, ya nemi faranti mai kwalbati ko leda mai numfashi a ƙarƙashin murfi, kuma ko da hakane kada ya jera gurabe na kwatance duka a layin tsaye na 1 da na 12, ya warwatsa su.

Mai LAMP ko PCR a na'urar da ba ta da murfi mai zafi, ɗigon man farafin. Mai ajiyar DNA ko ruwan jini na watanni, alminiyam, in adadin ya kai dubbai kuma injin liƙi. Mai ajiyar magunguna a DMSO kuwa matsalarsa a juye take: DMSO shan ruwa yake yi daga iska, don haka damina ce abokiyar gabarsa, kuma akwatin danshi shi ne wurin da bai kamata farantinsa ya shiga ba. Shi ma alminiyam, wanda gam ɗinsa ke jure DMSO ko wanda aka liƙa da zafi, kuma ya bar farantin ya dawo zafin ɗaki kafin ya huda.